Farin Ƙyalle a Jikin Tsamiya

A Tungar Marke babu marke ko ɗaya. Wanda ya yi sanadin haka sunansa Anaruwa, mai gawayi, kuma duk garin sun shaida ba a taɓa yin mutum mai ladabi kamarsa ba.

Ladabin nasa ga itatuwa ya fi yawa. Kowa ya san babbar bishiya ba ta rasa masu gida a cikinta, wato mutanen ɓoye. Saboda haka tun kakanni masu gatari na garin suke da ƙa'ida. Kafin a sare itace sai a ɗaura masa farin ƙyalle, a yi sallama, a ce, "Masu gida, ku yi haƙuri, kwana uku muka ba ku ku kwashe kayanku." Ran na uku, in rana ta take tsaka, a zo da gatari. Masu gaggawa sukan sare ran na biyu, su wayi gari baki a karkace. Anaruwa bai taɓa yi ba. Shekara talatin yana sallama, shekara talatin motar birni tana zuwa lodin buhuna, ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Cikin mutunci da girmamawa ya mai da dajin kamar tafin hannu.

Sai damina ta fara wasa da hankalin mutane. A yi shuka ta ɗauke kwana arba'in, sannan ta zubo ruwan wata uku a yini ɗaya, ya tafi da gona da katanga. Rijiyar gari kuwa, kowace shekara sai an ƙara wa guga igiya. A rediyo aka ce masana sun gano duniya ce ke ɗumama. Mutanen Tunga suka ce su ma sun gano, ba a dai tambaye su ba ne.

Ranar da guga ya fara fitowa da rabin laka, Mai gari ya sa aka yi shela: nan da kwana bakwai kowa ya ɗaure kaya, za a koma bakin gulbi, tafiyar rabin yini.

Kowa ya amsa ban da Iya Tasalla, mahaifiyar Anaruwa. Tsohuwa ce tukuf, ƙafafu sun daina aiki, kullum tana kan tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gida, wadda ita kaɗai ta rage tsaye a duk ƙasar. Anaruwa ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa.

Ta ce, "Kai mai gatari, ku tafi abinku. Tun ina amarya nake zama a nan. Muddin tsamiyar nan tana tsaye, nan za a same ni."

"Iya, ruwa fa ya ƙare."

"Wa ya ƙarar da shi? Ni?"

Matarsa Lanti, wadda ke ɗaure tukwane, ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ka ji ta. Muddin tana tsaye, in ji ta."

Ba sare tsamiyar Lanti take nufi ba, ta sha faɗa daga baya. Amma mai gatari hanya ɗaya yake fahimtar magana. Da hantsi, Iya tana gyangyaɗi, ya zagaya bayan tsamiyar ya ɗaura farin ƙyalle, ya durƙusa, ya yi sallamar nan tasa da murya mai taushi. In babu tsamiya, a ganinsa, babu gardama.

Daga nan ya ɗauki igiya ya shiga rijiya don ya yashe ta, ko a samu na guzuri. Da ya sauka gaba ashirin, sai ya ga ƙofa a jikin ginin, daidai tsayin mutum, da sawun ƙananan ƙafafu birjik a cikin laka, duk sun nufi ciki, babu wanda ya fito. Ya ce a ransa, "Ashe ta nan mutanen ɓoye suke bi." Ya yanke shawara ya bi su ya ba su haƙuri, su dawo wa garin da ruwansa. Ai ba a rabu da faɗa ba.

Ya yi bismilla ya shiga.

Ya yi ta tafiya har ya ɓullo wani fili fari fat, rana uku a sama, kowace tana gasar 'yar'uwarta. A tsakiyar filin ga wasu abubuwa baƙaƙe an naɗe su an jera kamar tabarmi a kasuwa. Wani dogon aljani mai ido ɗaya a ƙirji yana zaune yana gadi.

Anaruwa ya zube ya ce, "Salamu alaikum, ranka ya daɗe."

"Wa alaikumus salam, ya kai bil'adama. Ni ne Ma'ajin Inuwa. Duk itacen da aka sare a bayan ƙasa, nan inuwarsa take zuwa ajiya. Ba ka wucewa sai ka faɗi sunan kowace inuwa da zan shimfiɗa maka. Ka kuskure ɗaya, ranakun nan uku su shanye ka."

Ya warware ta farko. Anaruwa ya ce, "Kirya ce, ta bayan maƙera. Gawayinta ya fi na kowa daɗewa." Ya warware ta biyu. "Marken hanyar kasuwa. Ba ya tartsatsi." Ta uku. "Ɗorawar gonar Liman. Gawayin banza, toka ce zalla, na yi nadamar wahalata." Haka ya yi ta faɗa, kanya da gawo, taura da kaɗanya, aduwa da maɗaci, har ɗari bakwai, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Aljanin ya naɗe inuwar ƙarshe. "Lallai ka san su. Irin sanin da mahauci ya yi wa akuya. A ƙarƙashin kanyar can aka ɗaura auren uwarka, ka sani?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Wuce."

Bayan filin sai ga ruwa, iyakar ganin ido. Anaruwa ya faɗi ya kai baki, ya tofar, gishiri ne. Wata mace mai gashi kore ta turo kwalekwale ta ce ya shigo. Suna tafiya yana leƙen ƙasa, sai ya ga garuruwa a cikin ruwa, da rumbuna, da masallaci, da kasuwa, kifaye suna shiga ɗakuna suna fita. Can nesa ga wasu duwatsu farare suna zubar da hawaye, ɓangare-ɓangare suna ɓallewa suna faɗawa cikin tekun.

Ya ce, "Baiwar Allah, mu can ƙishirwa za ta kashe mu, ku kuna da wannan duka?"

Ta ce, "Kwashe ka kai musu, ɗan Adam, in za ka iya. Duwatsun ƙanƙara ne, tun farkon duniya suke barci, zafi ya tashe su. Garin da ka gani a ƙasa, mutanensa ba su taɓa sare ko tsinke ba. Da safe suka tashi suka tarar teku ya shigo yana neman wurin zama. Kada ka taɓa ruwan da hannu, akwai masu son a fito da su."

Ya naɗe hannuwansa cikin riga har suka kai gaci, duk da muryoyin da ke kiransa daga ƙasa, wata ma da muryar mahaifinsa.

A gacin akwai tsani na ƙarfe mai zafi. Ya hau, tafin ƙafarsa yana salɓewa, har ya isa wata rumfa da ba a ganin ƙarshenta, a daidai ƙarƙashin sama. Masaƙa ne dubu dubai, aljanu, kowa a bakin aikinsa, ƙoshiyar saƙa tana kai da komo. Zaren da suke saƙa hayaƙi ne, yana tasowa daga duniya ta ramuka. Abin da suke saƙawa kuwa bargo ne guda ɗaya, baƙi, ya rufe sama daga gabas har yamma.

Sarkin Masaƙa, wani tsoho da tari ya ci ƙarfinsa, ya ce, "Ya kai baƙo, ba mu muka so ba. An umarce mu duk abin da ya taso daga ƙasa mu saƙa shi. Da can abin da ke zuwa bai wuce na ɗan mayafi ba, itatuwa su shanye rabi tun a hanya, saura ya warware da kansa. Yanzu dubi."

Anaruwa ya duba. Wasu zaruruwan sun fi gindin kuka kauri. Sarkin ya riƙa nuna masa da sanda. "Wannan na masana'antun ƙasashen sanyi ne, shekara ɗari biyu bai tsinke ba. Wannan na motoci. Wannan na jiragen sama. Wancan na wutar da ake bari tana ci dare da rana a bakin rijiyoyin mai. Nemo naka a ciki. In ka iya zare shi, ka wuce."

Ya yi ta nema har ya gane shi da ƙanshi, ƙanshin kirya. Siriri ne kamar gashin jariri. Daɗi ya kama shi, ya ce, "Alhamdu lillahi! Ashe ba ni ba ne!"

Masaƙan da ke kusa suka yi dariya ba tare da sun ɗaga kai ba.

Sarkin ya ce, "Duk wanda ya zo nan abin da yake faɗa ke nan, kuma ba ƙarya yake yi ba. Masu ƙananan zare ne kawai suke zuwa, don su zafin yake fara ci. Masu kaurin ba su taɓa hawo tsanin nan ba. Mun ji dai duk shekara sukan taru a babban ɗaki mai sanyi, su nuna damuwa ƙwarai, su ci abinci, su tsai da garin da za a taru baɗi. Hayaƙin jiragen da suka kai su ma nan yake zuwa. Ja naka mu gani."

Anaruwa ya kama ya ja. Zaren ya ƙone masa yatsu har ƙashi, bai motsa ba.

Sarkin ya ce, "Ba ya zaruwa. Wanda aka saƙa yau, jikan jikanka ma zai kwana a ƙarƙashinsa. Amma ka kama da hannunka, wanda ba kowa ke yi ba. Wuce."

Ya sauka ta ɗaya gefen, sai ga shi a wani sansani, bukkokin tsumma iyakar gani. Mutanen ɓoye ne, 'yan gudun hijira, suna layi da ƙoƙuna ana raba musu raɓa ɗigo-ɗigo. Suka gane shi nan take. Ya yi tsammanin za su yayyaga shi, sai suka riƙa gaishe shi.

"Sannu, mai sallama."

"Mai ladabi ne ya zo. Ina gajiya? Ni ce ta cikin gawon bakin rafi, ka tuna? Ka ba mu kwana uku cif."

Da duka suka yi masa da ya fi masa sauƙi.

Suka kai shi wata bukka babba. A ciki wata mace ce kwance, girmanta ya kai tudu, fatarta launin hadari, gumi yana tsattsafo mata, tana rawar ɗari. Magajiyar Damina ke nan. Kusa da ita ga wata ƙatuwar ƙwarya cike da ruwa.

Anaruwa ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ja zamanin Magajiya. Allah ya ƙara sauƙi. Ni talakanki ne daga Tungar Marke. Na zo roƙon a dawo mana da ruwa kan lokacinsa."

Ta buɗe ido da ƙyar. "Lokaci? Wane wata ake ciki, ɗan Adam?"

Ya faɗa mata.

"Ka gani. Ni ina ce ko shuka ba a yi ba. Tun da aka lulluɓe ni da bargon can zazzaɓi bai sake ni ba. Da, mutanena na cikin itatuwa su suke tashe ni. Su hura mini sanyin ganye, in san lokaci ya yi, in yayyafa a hankali. Yanzu ga su nan a ƙofata suna bara. In na farka a firgice sai in ture ƙwaryar gaba ɗaya, in ji ana kuka a ƙasa, in koma in kwanta. Ba mugunta ba ce. Ciwo ne."

"To a ba su izini su koma, ranki ya daɗe. Na tuba."

"Su koma ina? Cikin buhu?" Ta yi tari, aka ji tsawa can nesa. "Amma kada ka yanke ƙauna. Garinku bai mutu ba tukuna. Akwai ɗaya daga cikin mutanena da ta rage, tsohuwar cikin tsamiya, ita ke riƙe da idon rijiyarku. Muddin tana nan, rijiya za ta ja baya amma ba za ta ƙafe ba, kuma ta dalilinta wasu za su iya komawa in kun yi dashe. Ga wannan gora, ludayi uku ne a ciki, iyakar abin da hannuna zai iya ɗagawa. Je ka riƙe tsohuwar nan da kyau."

Anaruwa ya karɓi gorar. Sai ya tuna da farin ƙyallen da ya ɗaura.

"Ranki ya daɗe, yau kwanana nawa da barin gida?"

Wani daga bakin ƙofa ya ce, "Yau na uku. Rana ta kusa take tsaka."

Ko sallama bai yi ba, karo na farko a rayuwarsa. Ya hau tsani ya sauka, ya faɗa kwalekwale yana roƙon mai gashi kore ta yi sauri, ya keta filin inuwa a guje. Yana shiga hanyar da ke kaiwa rijiya sai ya yi kaciɓis da wata 'yar tsohuwa, tsayinta bai wuce kamu uku ba, da ƙunshin kaya a baya, da ɗan tulu a ka yana digar ruwa mai sanyi.

Ya zube a gabanta. "Kaka, don girman Allah ki koma! Kuskure ne. Yanzu zan kwance ƙyallen."

Ta sauke numfashi. "Anaruwa ke nan. Ranar da aka haife ka ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ni na tare wa ɗakin uwarka iska. Na jira ka, ɗan nan. Jiya na ce zai dawo ya kwance. Yau tun safe nake duban hanya. Sai da inuwata ta dawo ƙarƙashin ƙafata sannan na ɗauki tulu."

"Ai ban sare ba tukuna!"

"Da ka zo da gatari haka kawai, babu sallama, da na yi fushi na zauna, na karkata maka baki, mu yi ta rigima har yau ina gidana. Amma ka yi abin yadda ka gada. Ka durƙusa, ka ba da haƙuri, ka ba da wa'adi. Wanda aka sallama da mutunci ba ya komawa, haka dokarmu take. Duk 'yan'uwana da haka ka fitar da su, babu wanda ya sami abin riƙewa a kanka."

Anaruwa ya kifa goshi a laka yana kuka.

Ta kwance bakin zanenta ta ciro ƙwallon tsamiya guda. "Ungo. In ya tsiro, ya yi inuwar da za ta rufe mace a zaune da tsakar rana, a zo bakin rijiya a yi kira. Wata jikata tana iya amsawa. Ban yi alkawari ba." Ta gyara tulunta. "Shekara saba'in muna hira da Tasalla, ita tana tsammani ita kaɗai take surutu. Da zan fito na yi mata sallama. Yau kam ta ji ni. Yi sauri."

Ya kama igiya ya hau. Ƙasan rijiyar ya riga ya tsattsage.

Tun daga nesa ya hango tsamiyar tsirara, babu ganye ko ɗaya, farin ƙyallensa yana nan ɗaure. Mutane sun taru a ƙofar gida. Lanti ta tare shi, idanunta jawur.

"Ina ka shiga, Malam? Kwana uku ana zura guga ana kiranka." Ta nuna tsamiyar. "Da azahar ganyen ya zubo mata a jiki gaba ɗaya, kamar an zazzage buhu. Na zo zan ɗauke ta daga rana, ta ce in bar ta. Ta ce, ‘Ƙawata ta tafi.’ Sai ta ce in ka dawo in gaya maka ta ga ƙyallen tun ranar farko."

"Me ta ce kuma?"

"Shi ke nan. Ta yi salati."

Mata suka yi mata wanka da ruwan da ya rage a randa. Maza suka haƙa kabari, ƙasa kamar ƙarfe. Da aka yi salla aka sa ta, sai aka tsaya cirko-cirko. A garin ana jera itace a bakin kabari ne kafin a shafe da laka a tura ƙasa, kuma a duk Tungar Marke babu itacen da ya kai kamu biyu. Tukwane kuwa an ɗaure su don ɗaukar ruwa a hanya, babu mai iya fasa tasa. Liman ya yi gyaran murya, bai dubi kowa ba, ya ce, "Anaruwa, kai ne mai gatari."

Ya je ya tsaya gaban tsamiyar. Bakinsa ya buɗe da kansa zai yi sallama, sai ya tuna babu kowa a gidan. Ya sassaro rassa da yatsunsa ƙonannu, aka jera. Aka nemi ruwan kwaɓa laka, babu. Ya buɗe gorar Magajiya ya zuba ludayi biyu. Ƙanshin ruwan farko ya tashi ya cika maƙabarta, har tsofaffi suka ɗaga kai suna duban sama. Babu komai a can sai rana.

Ran na bakwai gari ya tashi. Anaruwa ya tona rami a inda tabarmar Iya take, ya sa ƙwallon, ya juye ludayin ƙarshe. Lanti tana tsaye da kaya a ka.

"Shekara nawa tsamiya take yi kafin ta yi inuwa?"

"Ba mu za mu gani ba."

"To wa zai zauna a ciki?"

Lanti ta sauke kayan, ta je ta kwance farin ƙyallen daga jikin tsamiyar. Ta kafa kara huɗu kewaye da ramin ta ɗaura shi a kai, don kada rana ta ƙone abin in ya fito.

Suna bakin gulbi yanzu tare da sauran jama'a, gulbin ma yana ja da baya. Kullum bayan asuba Anaruwa yakan ɗauki tulu ya yi tafiyar rabin yini ya zuba, ya dawo da yamma. Mutane suna cewa ya taɓu. Motar birni ta sami wani mai gawayin a gaba, an ce shi ko sallama ba ya yi. Na ji a rediyo an sake yin taron nan bana, kuma an nuna damuwa ƙwarai.

Tsamiyar ta kai gwiwa. Inuwarta da tsakar rana tana rufe ƙadangare ɗaya, in ya naɗe jela.